Zaman Baƙo a Ƙasar Noma: Sharhi Daga Aujara

Sharhinmu na yau zai kai mu Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun ta jihar Jigawa, cikin masarautar Dutse. Maganar baƙo za mu yi, wato mutumin da ba a nan aka binne cibiyarsa ba, amma aiki ko aure ko neman abinci ya sa ya sauke kayansa a ƙasar da kusan kowa manomi ne.

Aujara tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarkin Aujara a yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya kai wa Dutse a ƙarni na 18, kuma har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991, da aka yanke Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, duk wannan yanki ƙasar Kano ce. Garin da ya daɗe haka ya saba da baƙi. Fatake sun sha yada zango, malaman allo sun sha zuwa da almajiransu idan kaka ta yi, Fulanin Jahun kuwa sun daɗe da zama masu ƙasa. Irin baƙin ne ya sauya. Yanzu a garuruwan wannan yanki za ka tarar da malamin makaranta da aka turo daga Dutse, da ma'aikaciyar lafiya, da ɗan hidimar ƙasa daga kudu wanda ya gama sati uku a sansanin Fanisau bai san ko "sannu" ba. Akwai mai kemis da mai sayar da kayan babur, akwai 'yan ci-rani daga Damagaram, akwai iyalan da rikicin Borno da Yobe ya raba da gidajensu. Sai kuma baƙo na baya-bayan nan, ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga Kano ko Dutse, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ya ce shi ma bari ya nemi gona.

Abin da ke fara ba kowannensu mamaki shi ne lokaci. Mutumin birni da agogo da ƙarshen wata yake lissafi. A nan ruwan sama ne ke tsara komai. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma abin da gida ya noma a waɗannan watanni shi zai ci har shekara ta zagayo. Daren da ruwan shuka ya sauka, kafin gari ya waye tangaran an watse. Ka leƙa bayan gari ka gani. Maigida na gaba da sungumi yana sara, taku ɗaya sara ɗaya, yara na biye da shi kowa da ƙoƙon iri a hannu, suna zuba gero ɗan kaɗan a rami suna rufewa da diddige, ba mai ɗaga kai. Sauri suke yi don danshin ƙasa ba ya jira, ƙasar tudu rairayi ce, rana biyu ta buɗe sai ta shanye. Bayan shuka ga noman firi, ga maimai, ga huɗa da garmar shanu, ga shukar wake a tsakanin kunya.

A wannan lokacin ne sabon malamin makaranta ke shiga aji ya tarar rabin yara ba su zo ba, ransa ya ɓaci, ya yanke hukuncin cewa mutanen nan ba sa son boko. Ina ganin ya yi saurin yanke hukunci. Uban da ya tafi da ɗansa gona bai raina karatu ba, hannu yake nema a satin da in ya wuce shi ciyawa za ta cinye shekararsa. Wannan ba ya nufin a zuba ido yaro ya rasa zangon karatu guda. Malaman da suka fahimci gari sukan bari sai an idar da sallar la'asar, su sami iyayen a inuwa, a yi magana ta fahimta: yaro ya yi sammakon gona a kwanakin da aiki ya matse, sauran kwanaki a sake shi ya zo aji. Wanda ya bi ta wannan hanya yakan dawo da yara fiye da wanda ya tsaya a ƙofar makaranta da bulala.

Watan Agusta kuma shi ne gwajin mai albashi. Marka ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara. A unguwa guda wataƙila baƙon nan ne kaɗai ake sa ran kuɗi zai shigo hannunsa a ƙarshen wata. Za a yi masa sallama da daddare, a daɗe ana gaisawa, sannan a sunkuyar da kai a ce, "Malam, wata 'yar buƙata ce ta kawo ni." Ba zai iya biya wa kowa ba, kuma ba wanda ya ce dole ne. Amma yadda ya amsa, ko da kwano biyu na dawa ne, ko da haƙuri ne mai daɗi, ba a mantawa da shi. Idan kaka ta yi, sai ya ga yaro ya shigo da damin gero a ka ya ce, "Baba ya ce a kawo." Ba bashi ake biya ba, sanar da shi ake yi cewa an sa shi cikin lissafin unguwa.

Kafin a kai ga haka, akwai ƙofar da ake shiga gari ta cikinta, ita ce mai masauki. Baƙo ba ya saukar kansa. Wani ne zai riƙe hannunsa, ko shugaban makaranta, ko limami, ko dillalin da suka saba a kasuwa, ya kai shi zauren mai unguwa. A tuɓe takalmi a waje, a durƙusa, mai masauki ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙona, daga wuri kaza yake, sana'arsa kaza." Da wannan magana ya ɗauki nauyinsa. In baƙon ya yi abin kirki sunan mai masauki ne, in ya yi ɓarna ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Daga mai unguwa labari ya kai ga dagaci, daga dagaci ya kai ga hakimi, har zuwa fadar Dutse in abin ya kai. A 'yan shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a wasu sassan Arewa, tambayoyin sun ƙaru, kuma bai kamata baƙo ya ji haushi ba. Zaman lafiyar da ya jawo shi Jigawa, irin wannan sa-ido na cikin abin da ya tsare shi.

Sai gaisuwa, wadda mutumin birni ke ɗauka ƙaramin abu ce. Wanda ya wuce dattawa a kan babur ya ɗaga musu hannu kawai, a wurinsu bai gaishe su ba. Tsayawa ake yi. "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?" A ce maka, "Ruwa ya yi gyara." Ka wuce mutum yana duƙe a gona, ka ce masa sannu da aiki. Babbar gaisuwa kuwa ita ce ta mutuwa. Ba a aika wa kowa goron gayyatar jana'iza, ji ake yi a tafi, a zauna a tabarmar makoki a ce yaya haƙuri. Ɗan hidimar ƙasar da ba Musulmi ba ne, in ya koyi waɗannan kalmomi biyu ya je ya durƙusa ya faɗe su, ya sami iyaye a garin har ya gama shekararsa.

Yanzu bari mu zo kan gona, domin nan ne zumunci ke ƙulluwa, nan ne kuma yake tsinkewa. Hanyoyin da baƙo ke samun gona sanannu ne: aro, haya, jingina, ko saye. Kowace da ƙa'idarta, kuma yawancin ƙa'idojin ba a rubuce suke ba, a kan mutane suke.

Aro alheri ne, ba a biyan komai sai abin da mutum ya ga dama ya kai bayan girbi. Matsalarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya san ta. Yawanci gonar da ta gaji ake ba da aro, wadda wuta-wuta ta cinye. Baƙo ya yi rani yana jigilar takin gida a amalanke, ya sa takin zamani, gona ta farfaɗo, gero ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Shekara na zagayowa mai gona ya ce ɗansa ya yi aure, yana buƙatar wurin. Ba za a ce ya yi ƙarya ba, gonarsa ce. Amma wanda ya zuba takin da ƙarfinsa zai kai shekara biyu ko uku a ƙasa ya tafi da ciwo a zuciya. Maganin abin shi ne a faɗi shekaru tun ranar farko, a gaban shaidu.

Jingina kuwa, mai gona ne ya matsu, ya karɓi kuɗi ya miƙa gonarsa, ranar da ya dawo da kuɗin ya karɓi abarsa. A kan wannan ciniki malamai suna da magana, domin cin amfanin abin da aka jinginar yana da hukuncinsa a shari'a, kuma ya kamata mutum ya tambaya kafin ya shiga. Ga kuma faɗuwar darajar Naira, wadda ta sa kuɗin da aka karɓa shekara biyar da suka wuce, in aka mayar da shi yau, ba zai sayi rabin abin da ya saya a da ba. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa.

Mafi haɗari shi ne saye. Gonaki da yawa na gado ne da ba a raba ba. Babban wa ne ke nomawa, kowa na kiranta gonar wane, alhali a cikinta akwai rabon ƙannensa da ke Legas ko Fatakwal, akwai na 'yan'uwansa mata da ke gidajen aure. Na taɓa zama a zauren wani mai unguwa a wannan yanki aka kawo irin wannan magana. Baƙon, ma'aikaci ne mai shirin ritaya, ya zaro takarda daga aljihu, rubutun biro a fallen littafin makaranta, da sa hannun mutum biyu. Wata dattijuwa na zaune daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da aka ba ta dama sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban sayar ba, ba a kuma tambaye ni ba. Gonar ubanmu ce." Mai unguwa ya juya wajen baƙon ya ce, "Malam, da za ka biya, wa ya raka ka?" Ya ce ba kowa, shi da mai gonar ne da abokinsa. Aka yi shiru. Maganar ta ƙare a kotun shari'a, inda ake raba gado, kuma damina ta wuce ba wanda ya shuka ko ƙwaya a wurin. Dattijuwar tana da gaskiya, baƙon ma ba macuci ba ne. Abin da ya rasa shi ne ɗan gari da zai ja shi gefe ya ce masa, dakata, wannan gonar tana da masu ita da yawa.

A dokar filaye ta 1978, filaye amana ce a hannun gwamnan jiha, kuma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya. Kaɗan ne ke neman wannan takarda. Abin da ake dogaro da shi shi ne shaidar mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, waɗanda suka san inda iyaka ta tsaya, ko jikin gamba ne ko gindin wata tsamiya. Baƙon da zai sayi gona ya tara su duka, ya tambayi magada ɗaya bayan ɗaya har mata, sannan ya bi ta ƙaramar hukuma.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya maka sai ka taka. Ka karɓi hayar gona, amma ɗorawar da ke tsakiyarta da kukar da ke gefe ba su shiga ciniki ba, na mai gona ne, matansa za su zo su kaɗe kalwa su tafi. Kara da harawa bayan girbi kuɗi ne yanzu, sai an faɗa tun farko na wane ne. Wata 'yar hanya da ka gani ta ratsa gefen gonar, kana ganin ɓatan fili ce, ka haɗe ta da garma, ashe burtali ne da shanu suka shekara da shekaru suna bi zuwa mashaya. Gwamnatin Sule Lamido, tsakanin 2007 da 2015, ta yi ƙoƙarin shata makiyaya da burtalai da samar musu da ruwa, kuma hakan ya rage faɗan manoma da makiyaya a jihar. Baƙo ɗaya da bai san tarihin wuri ba yana iya tayar da abin da aka daɗe da kashewa. Alhali makiyayin nan, in an yi shiri da shi, shi ne zai sauka a gonarka da rani, shanunsa su ci kara su bar maka taki.

Haka nan sai an san bambancin tudu da fadama. Da rani baƙo zai ga baƙar ƙasa mai kyau, a ce masa kuɗinta kaza, ya ga araha. Bai san a watan Agusta ruwa ke kwana a wurin ba. Ambaliyar 2022 ta nuna wa kowa haka. Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala a shekarar, an rasa rayuka, gidajen ƙasa sun rushe, gonakin shinkafa sun nutse a Ringim da Miga da Jahun da Auyo da Kafin Hausa har zuwa Haɗeja. Ruwan Kogin Haɗeja daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano yake gangarowa, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyinsa, in ya rasa mafita sai ya bi gonaki. Manomin wajajen Harbo ya san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar shekara, zai nuna maka alamar a jikin bishiya. Wannan ilimi ba ya cikin kowace takarda, wurin tsofaffi ake samunsa. Ga malaman gona na hukumar JARDA kuma, su ma a neme su kan iri da taki da feshi.

Ina so in tsaya kaɗan a kan sabon manomin birni, don a kansa ne ra'ayina ya fi ƙarfi. Zuwansa alheri ne ta fuska da dama. Yana kawo jari, 'yan ƙwadago suna samun aiki, mai garmar shanu da mai amalanke suna samun ciniki, wani lokaci ma shi ke fara kawo sabon iri ko injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Amma akwai wanda ke noma ta waya, ya turo kuɗi daga ofis, bai taɓa kwana a garin ba, bai san sunan maƙwabcin gonarsa ba, sai ranar girbi ya zo da mota ya kwashe buhuna. Irin wannan ko zakkar amfanin ba ya fitarwa a inda ya noma, alhali masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakkar hatsi da raba ta a gundumomi tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023. Ɗaya bisa goma ne a noman damina, ɗaya bisa ashirin a na ban-ruwa, kuma talakan da ya ga hatsin yana girma a gabansa shi ya fi cancanta.

Babbar illar ita ce tsadar haya. Mai kuɗi ya zo ya ninka abin da ake biya, saurayin garin da ba shi da gado mai yawa, wanda da ɗan abin da yake haya yake riƙe gidansa, sai ya koma ɗan ƙwadago a gonar da ya saba nomawa, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani. Mutanen Jigawa ba su manta da ce-ce-ku-cen da aka yi a Gagarawa da maƙwabtanta ba, lokacin gwamnatin Badaru Abubakar, kan dubban hektocin da aka ware wa wani kamfanin rake, manoma suna cewa gonakin kakanninsu ne. Wancan babba ne, na Aujara ƙanana ne, amma tsoron iri ɗaya ne. Sannan da farashin hatsi ya faɗi a 2025, taki kuma bai sauko ba, da yawa daga cikin manoman birni sun janye. Suna da inda za su koma. Mutumin gari ba shi da wata sana'ar da zai koma, kuma hayar da aka ɗaga ba ta saurin sauka. Don haka nake ganin wanda zai shigo noma a nan ya shigo da niyyar zama maƙwabci, ya yi ciniki da sanin cewa akwai na ƙasa da shi a layi.

Duk wannan magana ta maza ce, alhali baƙon da ya fi yawa a kowane ƙauye mace ce. Amarya ce da aka ɗauko daga wani gari, wani lokaci daga Kano ko Dutse, aka kawo ta gidan gandu mai surukai da faccaloli. Namiji yana da masallaci da kasuwa da majalisa, cikin sati guda ya yi abokai. Ita tana cikin gida, kuma duk idon gidan a kanta yake: ta iya surfe, ta iya tuƙa tuwon gidan mutum ashirin a murhun itace, tana gaida uwar miji da "Inna, ina kwana" a durƙushe ko a tsaye. Wadda ta saba da famfo da gas, watannin farko kuka take yi a ɓoye. Abin da ke ceto ta shi ne matan unguwa. Ranar da aka sa ta a adashi, ta fara kai gudummawar biki ana kawo mata, ta sami ƙawa ta sami uwar ɗaki, to ta fara zama 'yar gari. Daga nan sana'a ke biyowa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, kiwon akuya, ko ɓarar zoɓo da kaka, tunda Jigawa na sahun gaba a noman zoɓo da riɗi a Nijeriya. Kuɗin da ke juyawa a tsakar gidajen nan ba kaɗan ba ne. Ina roƙon mazan da ke kawo mata daga nesa su tuna cewa sun raba ta da kowa nata. Ranar haihuwa musamman, kada a tsaya jiran gari ya waye ko jiran izinin wanda ba ya nan. Babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki da ma'aikatar lafiya tun 2008 a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, yana karɓar mata daga nesa ƙwarai, kuma da yawan masu wannan lalura doguwar naƙuda a gida ce ta jawo musu.

Sauran wahalhalun sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, cajin waya sai a shagon mai sola. Ruwa sai an bi layin tuƙa-tuƙa ko an saya wurin 'yan ga-ruwa. Sauron damina ba ya raga wa baƙo, don haka gidan sauro dole ne, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe musu. Ciniki da tsabar kuɗi ake yi, wanda ya ga yadda kasuwannin ƙauye suka tsaya cik lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ya san haka. A ɗaya hannun kuma hayar ɗaki da sauƙi, hatsi daga hannun manomi kake saye, nono da man shanu har ƙofar gida, kuma wanda ya iya lissafin ranakun kasuwa, Gujungu ran Lahadi, Shuwarin ran Litinin, Maigatari ran Alhamis, zai iya haɗa ƙaramar sana'a a kan albashinsa.

Nauyin ba a kan baƙo kaɗai yake ba. Mutanen gari su ma akwai abin da za su gyara. A daina yi wa baƙo farashi biyu. A daina sayar masa da gonar da aka san tana da rigima, ana cewa ai mai kuɗi ne. Wanda ya shekara ashirin a gari, ya haifi 'ya'yansa a nan, ya binne nasa a maƙabartar garin, bai kamata ranar rabon taki ko neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ga ɗansa a tuna masa cewa shi ba ɗan nan ba ne.

Hukuma kuma ta dubi maganar masauki. Dalilin da ya sa ma'aikata da yawa da aka turo karkara ke zama a Dutse ko Jahun suna zuwa jefi-jefi, ko su yi ta bin ofis-ofis suna neman canjin wurin aiki, ba ƙin ƙauye ba ne kawai. Sau da yawa ba ɗakin da za su sa iyali, ba ruwa, ba makewayi mai kyau, ga kuɗin mota ya cinye albashi. Ungozomar da ke kwana a gari ita ce ke amfanar mai naƙudar tsakar dare. Malamin da ke kwana a gari shi ke sanin dalilin da ya hana yaro zuwa makaranta. Gina ɗakuna biyu ko uku da rijiyar burtsatse da sola a jikin kowace makaranta da asibitin karkara bai fi ƙarfin gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukumar Jahun ba. Masu riƙe da sarauta kuma, daga hakimi zuwa masu unguwanni, za su iya buɗe littafi guda a kowane zaure, a riƙa rubuta duk aro da haya da jingina: sunan mai gona, sunan mai karɓa, iyakoki, shekaru nawa, itatuwa da kara na wane ne, da sa hannun magada maza da mata. A yi shi da rani, kafin a fara sharar gona.